Kwalba a Layi na Biyu

Rana ba ta gama fitowa ba aka kawo wa Azeta labarin. Tana tsugune bakin murhu tana dama wa 'yarta Sala koko da ɗan ƙullun da ya rage, sai maƙwabciya ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Azeta, bar kokon nan! Mijinki ya taka kwalba a fili, jini kamar an yanka rago!"

Ta goya yarinyar ta fita da ludayi a hannu, ba ta ma sani ba.

Mijinta Issahaku makaho ne, ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana yaro. Amma duk arewacin Ghana babu makahon da ya taɓa shan gabansa a gudun zagaye ɗaya, wato mita ɗari huɗu, kuma ƙarshen watan ake jiransa a Kumasi inda za a zaɓi waɗanda za su fita waje da sunan ƙasa. Makaho ba ya wannan gudu shi kaɗai. Akwai ɗan jagora mai ido da ke gudu a damansa, guntun tsumma ya haɗa hannuwansu, kafaɗa da kafaɗa tun daga farko har ƙarshe. Kuma ba takalmi suke atisaye, don takalmin gudu ɗaya ne gare shi, ana adana shi sai ranar gasa. Shekarar 1983 ce, shekarar da ko sabulu sai ka bi layi.

Filin makarantar da ke gefen unguwar Kukuo a Tamale ya cika da mutane. A kwanar gabas Azeta ta ga jinin, ta kuma ga abin da ya zubar da shi. Fasassun koriyar kwalba ne a kafe cikin ƙasa, bakinsu yana kallon sama, an yayyafa musu turɓaya. Ba faɗuwa suka yi ba. Hannu ne ya shuka su ɗaya bayan ɗaya kamar irin rogo. Filin da yara ƙanana ke wasa a kai kullum!

An riga an tafi da Issahaku asibiti. Amma a gindin mangwaro akwai mutum ɗaure da igiyar shanu, leɓensa a fashe. Ƙanenta ne, Zubeiru.

Zubeiru yana cikin waɗanda aka koro daga Legas a farkon shekarar. Ya dawo da riga ɗaya a wuya, ya kama tara kwalabe yana sayar wa masu man gyaɗa da kananzir. Ƙafa gare shi kamar barewa, shi ya sa Ticha William, malamin da ke horar da Issahaku, ya ce ya zo ya gwada riƙe tsumma. Ranar ce ta farko.

"Ku kwance shi!" in ji Azeta. "Me ya yi muku?"

Akwasi, ciyaman na kwamitin unguwa, ya tare ta da hannu. Mutumin kudu ne, Hausar kasuwa yake yi. "Madam, ka tsaya can. Yau ne farko ƙanenka ya riƙe makaho, yau ne jini ya zuba. Ɗakinsa cike da kwalba. Shi ƙafarsa ko ƙaya babu. Me kuma kana so?"

"'Yan Agege, korarrun Legas, ai ba imani gare su ba," wani ya faɗa daga baya.

"Shekaranjiya na ji su suna faɗa da mijin yayarsa a kan tuwo," in ji wata.

"A wannan shekarar wane gida ne ba a faɗa a kan tuwo?" Azeta ta mayar mata.

Sai ga Fuseini ya dawo daga asibiti a kan keke, rigarsa jina-jina. Shi ne ɗan jagoran Issahaku tun suna samari, shi ya kai shi asibiti. Ya jefar da keken ya yi kan Zubeiru, sai da maza uku suka riƙe shi.

"Shekara da shekaru ina riƙe da shi ko tuntuɓe bai taɓa yi ba! Rana ɗaya aka ba ka, ka ja shi layin da ba nasa ba! Kai makaho ne ko shi?"

"Wallahi, Yaya, ban ga komai ba," in ji Zubeiru yana kallon Azeta. "Muna cikin gudu kawai na ji ya yi ƙara."

Akwasi ya duba sama. "Da la'asar motar barikin soja tana wucewa. Can zai faɗi gaskiya."

Kowa a Tamale ya san yadda ake dawowa daga bariki a waɗannan shekarun, in an dawo.

* * *

A asibiti an ɗinke ƙafar, amma babu bandeji. Azeta ta yage gefen mayafinta, ta roƙi ruwan zafi wurin mai shayi a bakin ƙofa, ta wanke tsumman ta ɗaure masa da kanta. Tafin ƙafarsa ta dama ya dare tun daga dunduniya. Maganar Kumasi ta mutu, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa.

"Baban Sala, ka ce musu ba shi ba ne."

Issahaku ya juya fuska wajen bango. "Azeta, da me zan shaida? Ban gani ba."

Ba ta tsaya kuka ba. Ta gyara goyonta ta nufi gidan Baba Abdulgafaru.

Baba Abdulgafaru mai bin sawu ne. In an sace saniya a Vittin ko an yashe rumbu a ƙauyukan gefe, shi ake kira. Tsoho ne dogo mai son a yabe shi, kuma ba ya tashi daga tabarma sai ya ga dama. Ya saurare ta yana tauna asuwaki.

"'Yata, fili ne da rabin Kukuo ta tattake. Sawun wa zan bi?"

"Baba, ƙanena ne. Shi kaɗai uwarmu ta bar mini. In suka sa shi a motar nan..." Sala ta leƙo daga bayanta ta miƙa wa tsohon hannu.

Ya cire asuwakin. "Miƙo mini sandata."

* * *

Bai ko kalli tsakiyar filin ba. Ya tsuguna wurin kwalaben, ya daɗe.

"Ticha, waɗannan zane-zanen farar tokar da kuka zuba su ne layukanku?"

"Su ne, Baba," in ji Ticha William. Tun safe yake tsaye a wurin kamar wanda aka kafe.

"To duk a layi ɗaya aka shuka su, na biyu daga ciki. Ko ɗaya bai tsallaka ba. Mai aikin nan yana da tsari."

Daga nan ya fita bayan filin ya fara zagayawa a hankali, Azeta na biye. Gobarar daji ta cinye gonakin gabas a shekarar, ƙasa duk baƙar toka, tana riƙe sawu kamar ƙullu. Can ya tsaya, ya nuna da sanda.

"Ga baƙonmu. Namiji ne, takalmin taya. Ya shigo raɓa na ƙasa, don tokar ta manne. Ga inda ya fita kuma."

"Takalmin taya ai kowa shi yake sawa, Baba."

"Har ni."

Suka bi sawun zuwa gindin wata ɗorawa. A nan aka fasa kwalbar a kan dutse, wuyanta na yashe. Kusa da wurin akwai ɗan lambun kuɓewa da bukka.

"Na Thomas ne, maigadin makaranta," in ji Azeta. Sai ta dafe ƙirji. "Baba! Ya taɓa rantsewa sai ya karya ƙafar duk wanda ya sake taka masa kuɓewa. Da kunnena na ji."

Suka same shi a bayan bukkar yana cin dokunu, dafaffen ƙullun masara, da barkono, yana ɓoye shi da gwiwa.

"Thomas, ina kake da asuba?"

"Ina aikina."

"Aikinka ya wuce ta ƙofar bukkarka da kwalba a hannu, ba ka gan shi ba?"

Thomas ya haɗiye lomarsa da ƙyar. Bayan bukkar akwai korayen kwalaben giya a jere, ɗaya ta ɓace daga tsakiya, gurbinta na nan a ƙasa.

"Kwalbata ce, na yarda. Amma ba na nan. Baba, don Allah kada hedimasta ya ji. Tun kafin kiran salla nake layin dokunu a kasuwa. In ba ka je da wuri ba ɗanye ma ba ka samu. Tambayi Lamisi mai dokunu, har zagina ta yi."

Baba Abdulgafaru ya dubi ƙafafunsa. Tsohon takalmin soja ne, kuma ƙafar hagu tana jan ƙasa.

"Ci abincinka," ya ce.

Azeta ta so ya zama Thomas ne, ta kuma ji kunyar son da ta yi.

Suka koma kan sawun. Ya ratsa gonakin da suka ƙone ya nufi titi. Tsohon ya fara ƙunƙuni.

"Dubi nan. Ga kututture, hanya ta wuce daf da shi, amma mutumin ya buɗe dama ya bar fili. Ga suri, haka. Ga rami, haka. Duk abin da ke hagunsa sai ya ba shi wuri mai faɗi. Na damansa kuwa har goga shi yake."

"Ko maye ne?"

"Mai maye ba ya yin kuskure iri ɗaya kullum. Keke yake turawa." Ya faɗa da ƙarfi, ya duƙa yana neman sawun taya. Ya nema gaba, ya nema baya. Babu. "To itace ya ɗauko a kafaɗa... A'a, da sawun ya nutse gefe ɗaya." Ya yi tsaki. "Na bi ɓarayin shanu har bakin iyaka, ban taɓa ganin mai tafiya haka ba."

A bakin kwalta sawun ya mutu. Rana ta take tsaka. Tsohon ya tsaya yana kallon kekuna suna wucewa, Azeta kuwa ta fahimci sawun ya kuɓuce masa.

* * *

Ta ce ya biyo ta gida ya sha ruwa, don Sala ta fara kukan yunwa. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne a tsakar gida, ransa a ɓace. Azeta ta sauke yarinyar, ta ɗauki moɗa ta nufi randa da sauri.

"Tsaya!"

Ta tsaya cak.

"Koma baya. Sake zuwa."

"Baba, lafiya?"

"Me turmin nan ya yi miki kika zagaye shi kamar maciji na ciki?"

Ta dubi turmin, ta dubi ƙafarta. Tsakaninsu mutum guda zai wuce a sake.

"Ban ma sani ba. Sabo ne. In muna tafiya da Baban Sala yana haguna, hannunsa na dama a kafaɗata. Dole in bar masa wuri, in ba haka ba ya yi karo. Ko ni kaɗai ce, ƙafar sai ta..."

Moɗar ta faɗi daga hannunta.

Baba Abdulgafaru ya miƙe a hankali. "Ban da ke, wa ke tafiya da shi haka?"

Ta ɗauki Sala ta rungume ta ƙam, har yarinyar ta yi ƙara.

"A'a, Baba. Shi ya raɗa wa yarinyar nan suna. Shi ya kai shi asibiti, ka ga rigarsa. A'a."

"Ban kira sunan kowa ba, 'yata. Ƙasa za mu tambaya. Je ki ɗauko mijinki ko a amalanke ne."

* * *

Kafin la'asar gindin mangwaro ya sake cika. An kawo Issahaku a amalanke, ƙafarsa a miƙe a kan buhu. Akwasi ya yarda da taron ne don tsohon ya ce masa in bai gamsu ba ya haɗa da shi a motar.

Baba Abdulgafaru ya sa aka share ƙasa fes daga mangwaron zuwa randar makaranta. Ya ajiye benci a hanya, da bokiti, da wani kututture, duk ta hannun hagu. Sannan ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Ƙishi nake ji. Duk wanda ya shiga filin nan yau da safe zai ɗebo mini ruwa. Ina so in ga hannun wa ke rawa."

Mutane suka yi dariya kaɗan. Kowa ya zuba ido a kan hannu.

Thomas ya je yana jan ƙafa, ya buge bokitin, ya zage shi. Ticha William ya je ya dawo, wandonsa na shafar benci. Aka sassauta wa Zubeiru igiyar ƙafa. Ya je hannunsa na ɓari har rabin ruwan ya zube, ya tsallake kututturen kamar mai rige-rigen shiga motar Legas.

"Kun gani!" in ji Akwasi. "Hannu yana rawa!"

"Kai ma in aka ɗaure ka tun safe zai yi rawa, ciyaman. Fuseini, saura kai."

Fuseini ya karɓi moɗa. Ya tafi a natse, idonsa a kan hannunsa. Ya zo benci ya buɗe dama. Ya zo bokiti ya buɗe. Ya zo kututture ya ba shi wuri kamar akwai wani a gefensa. Ya dawo ko ɗigo bai zubar ba.

Tsohon bai karɓi ruwan ba. Ya tashi ya nuna ƙasa da sanda.

"Ku zo ku gani. Uku sun bi daf da kaya. Ɗaya ya bar wurin mutum a hagunsa. Irin wannan sawun ne ya fito daga titi da asuba, ya fasa kwalba a gindin ɗorawa, ya shigo filin nan ya koma. Wanda ke shakka, tokar tana nan, ba ta gudu ba."

Fuseini ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Baba, tsufa ya fara taɓa ka. Ni? Ni zan yanka Issahaku? Ku tambaye shi wa ya fara kama hannunsa ya ce masa ruga, babu komai a gabanka!"

"Gaskiyarsa ne," in ji Issahaku daga amalanke, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Baba, ko kowa zai yi mini haka ban da shi."

"Ni ma a nan na tsaya," tsohon ya ce. "Sawu ya faɗa mini wane ne. Bai faɗa mini dalili ba. Abin da na sani, kwalaben duk a layi na biyu suke."

Ticha William ya ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu!" ya ce. "Layi na biyu ba na Issahaku ba ne."

"Yi mana bayani, Ticha," in ji Akwasi.

"Kullum hagu ake zagayawa. Issahaku yana layin ciki, na ɗaya, ɗan jagora yana damansa, na biyu. Haka muke tun da muka fara. Amma yau da safe Issahaku ya ce idon sawunsa na hagu yana masa ciwo saboda kwana. Sai na ce to ku juya, ku zagaya ta dama yau, ƙafar ta huta. A nan take na faɗa, babu wanda ya sani kafin lokacin, ni ma ban sani ba. In an juya, wanda ke dama shi ke komawa ciki." Ya nuna filin. "Zubeiru ya koma layi na ɗaya. Issahaku ya koma na biyu."

Azeta ce ta fara ganewa. Ta juya ta dubi ƙafafun ƙanenta, tsirara a kan ƙasa.

"Ba don mijina aka shuka su ba," ta ce. "Don Zubeiru ne."

Wata tsohuwa ta saki salati. Zubeiru ya sulale ya zauna a gindin bishiyar, bakinsa a buɗe.

Moɗar tana hannun Fuseini har yanzu, amma ruwan ya fara zuba a kan takalminsa. Ba tsohon yake kallo ba, ba kuma Akwasi ba. Ticha William yake kallo.

"Kun juya?" ya ce. "Juyawa kuka yi?"

"Fuseini..."

"Wa ya ce ku juya? Wa ya taɓa juyawa a filin nan?" Ihu yake yi yanzu. "Na auna! Na tsuguna na auna da tafin hannuna don kada ko ƙwaya ta shiga layinsa! Layinsa tas na bar shi, har tsakuwa na tsince masa!"

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya dafe bakin.

Issahaku ya juyo da fuska wajen muryar.

"Fuseini. Matso in ji ka."

Fuseini ya zube a gwiwa inda yake. "Jiya Ticha ya kira ni gefe ya ce numfashina ba ya kai ƙarshe, wai ina jan ka baya a kwanar ƙarshe. Ya ce in huta, yaron nan zai gwada. Wa numfashinsa ke kaiwa a shekarar nan, sau ɗaya muke ci a gidana! Ni na yi ka, Issahaku. Ni na bi rana da kai lokacin da mutane ke mana dariya. Sai da Kumasi ta zo, sai da jirgi ya zo, wani da ya sauko daga mota jiya zai karɓi tsummana? Na ce ɗan yanka ne kawai, ya kwanta sati biyu, mu je mu dawo..."

"Ɗan yanka?" Azeta ta matso har gabansa. "Ni na wanke ƙafar nan. Na ga farin abin da ke ciki. Wannan ka tanadar wa yaron da ko katifa ba shi da ita, wanda ƙafar nan ce kasuwarsa? Kuma yaran makaranta fa, in da su suka riga shiga? Sannan ka tsaya a nan da safe kana kallonsa a ɗaure, ka san motar da ke zuwa!"

"Na zaci shi ya ja shi layin... wallahi na zaci..."

"Ka zaci. Amma ka san wa ya shuka."

Daga titi aka ji ƙugin babbar mota tana rage gudu. Mutane suka dare. Akwasi ya share gumi, ya kasa haɗa ido da Azeta.

"Madam, ka yi haƙuri. Mu kwance wannan, mu ɗaure wancan."

Azeta ba ta jira su ba. Ta karɓi wuƙa a hannun mai sayar da rake, ta yanke igiyar a wuyan hannun Zubeiru, ta yanke ta ƙugu, ta yanke ta jikin bishiya, sai guntaye suka zube a ƙasa. Inda igiyar ta ci fata ta tofa masa yawu ta murza da babban yatsa, kamar yadda take yi wa Sala.

"Ciyaman," in ji Issahaku. "Ba bariki ba. Ku kai shi ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, alƙali ya ji. Yana da 'ya'ya."

"Mutumin da ya yi maka wannan?"

"Ƙafata ce ko taka?"

Akwasi ya fita bakin titi ya ɗaga wa direban hannu alamar babu kowa yau. Motar ta ƙara wuta ta wuce.

Maza biyu suka ɗaga Fuseini. Da suka zo daidai amalanken ya tsaya.

"Issahaku..."

Issahaku bai juya ba. Suka wuce da shi, Baba Abdulgafaru na biye da sandarsa, don a cewarsa sai ya nuna wa 'yan sanda tokar da kansa kafin awaki su tattake ta.

Jama'a suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, masu maganar Agege da tuwo su ne kan gaba. Zubeiru ya tashi da ƙyar, ya zo ya tsaya gefen amalanke. Issahaku ya lalubo shi, ya kama hannunsa, ya bi da tafinsa har gwiwa.

"Zubeiru, ƙafarka lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"To alhamdu lillahi," in ji Issahaku. "Ƙafa ɗaya mai rauni ta ishi gidan nan. Tura ni mu tafi."